Yaye Lulluɓi Daga Abin da Mitfai Ya Ɓoye

Bayan gaisuwa ga ma'abota ilimi da ma'abota yunwa, a sani cewa musabbabin wannan talifi wata gardama ce da ta ɓarke a cikin motar haya tsakanin Tashar Yari da Maƙarfi. Wani dattijo ne ya gatsi mitfai, ya leƙa cikinsa, ya yi salati, sannan ya miƙa wa na kusa da shi don ya zama shaida. Mu goma sha ɗaya ne a motar da aka ƙera wa mutum bakwai, kuma kowa ya tofa albarkacin bakinsa, har da kwandasta. Sai dai na lura babu wanda ya tsaya ya fayyace abin da ake jayayya a kansa. Da na koma gida na buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaid, na buɗe Muhtasar na Halilu, ban sami babin mitfai ba. Wannan ba gazawarsu ba ce, domin na farkon ya rasu tun shekarar 996, na biyun kuma mutumin ƙarni na 14 ne. Saboda haka nauyin ya faɗo kan na baya, ni kuwa ina cikin na bayan.

Fasali na ɗaya: ta'arifi

A luggance, mitfai kalmar Ingilishi ce mai gaɓa biyu. Gaɓar farko na nufin nama. A riƙe wannan da kyau, domin duk rigimar da za ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

A isɗilahi kuwa, shi ne fulawar da aka murtsuke da bota da ɗan gishiri, aka kwaɓa, aka murza, aka yanka ta da'ira da murfin ƙaramar tukunya, aka zuba haɗin niƙaƙƙen nama da dankalin Turawa da karas da albasa a gefe guda, aka ninko ɗaya gefen ya zama rabin wata, aka danne bakin da cokali mai yatsu, aka shafe bayansa da ƙwai, aka gasa.

Kowace kalma a wannan ta'arifi tana da aikin da take yi. Cewarmu "aka ninko" ta fitar da fanke da cincin da ƙosai, waɗanda ba su ɓoye wa kowa komai ba. Cewarmu "rabin wata" ta fitar da Gala, wanda kamfanin UAC ya fara yi a 1962, domin shi dogo ne, kuma yana nuna abin da ke cikinsa ta baki biyu. Ta kuma fitar da samosa mai kusurwa uku, duk da girman nasabarta: Ibnu Baɗuɗa ya siffanta irinta a fadar Sarkin Delhi Muhammadu bin Tugluk a ƙarni na 14. Wannan matafiyi ya zo har Takadda a 1353, amma bai karkato kudu ya iso Ikara ba, don haka ba za a kafa hujja da shi a nan ba. Cewarmu "aka gasa" kuma ta fitar da wanda ake tsomawa a mai, ko da yake masu yinsa suna kiransa da sunan. Ba mu kore su ba. Mun dai ajiye su a zaure.

Asalinsa daga Ingila yake. Danginsa mafi kusa shi ne wanda masu haƙar ma'adinai na yankin Konwal ke shiga rami da shi. Ana cewa ana kauraro masa baki ne don mai hannu da datti ya riƙe ta nan, ya ci tsakiya, ya yar da bakin. A Nijeriya kuma gidan abincin Mr Bigg's, wanda aka buɗe a Legas a 1986, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi har ya zama abin kai wa budurwa. Abin lura ga mai nazari shi ne, bakin nan da aka yi don a riƙe a yar, da ya iso ƙasarmu sai ya yi ta faɗaɗa yana cin iyaka, har a wasu garuruwan ya haɗe da ɗan'uwansa na ɗaya gefen, tsakiyar ta zama tarihi.

Fasali na biyu: dalilin da ya sa mas'alar ta fi tsanani a ƙasarmu

Mutanen ƙananan hukumomin Maƙarfi da Kudan da Ikara sun saba da cinikin abin da ido ke gani. Bamaƙarfe in zai sayi rake sai ya ɗaga kara, ya ƙirga gaɓoɓi, ya duba ko tsutsa ta huda, a fere masa guntu ya tsotsa kafin a yi maganar kuɗi. Mazarƙwaila ma ƙwanƙwasa ta yake yi. Mutumin Kudan da Hunƙuyi yana ɗaga nonon inabi ya kalli rana ta cikinsa. Mutumin Ikara, garin da aka kafa wa kamfanin sarrafa tumatir tun 1981, ya san cewa kwando yana da fuska, manya a sama, ƙanana a ƙasa, amma yana da haƙƙin ya cusa hannu har gwiwar hannu ya lalubo gaskiya.

Mitfai kaɗai ne ba a fere shi, ba a ɗaga shi ga rana, ba a cusa masa hannu. Ana biya tukuna, sannan a sani. Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga irin wannan ciniki, garari, kuma misalan da suka saba bayarwa su ne kifi a ruwa da tsuntsu a sama. Hausawa suka taƙaita suka ce cinikin biri a sama.

In wani ya ce: ai ana sayar da ƙwai da kankana da gyaɗa a cikin ɓawonsu, ba wanda ya hana. Sai mu ce: ƙiyasin bai zauna ba. Kaza ba ta da wata riba in ta rage gwaiduwa, kuma ba a taɓa jin kankana ta yi lissafin tsadar nama ba. Wanda ya rufe ƙwai ba shi ne mai karɓar kuɗin ba. Wanda ya rufe mitfai kuwa shi ne, ko matarsa, ko ubangidansa.

Ƙari a kan haka, a duba nasabar kayan haɗin. Alkamar da aka niƙa fulawar galibi ta teku ta zo. Dankalin Turawa daga tsaunukan Filato ake sauko da shi. Bota ta kamfani ce, kori da tayim na gwangwani ne. In aka cire kayan lambu da ƙwai, abu biyu ne tak ake iya cewa 'yan gida ne: nama, wanda samuwarsa ita ce abin da ake shari'a a kai, da iska, wadda babu mai musun samuwarta.

Fasali na uku: rukunai, da hukuncin iska

Rukunan mitfai uku ne: ɓawo, da haɗi, da ɗumi.

Sharaɗin ɓawo shi ne ya kasance tsakanin taushi da ƙarfi. In ka gatsa ya ruguje, ɓurɓushi ya zubo maka a gaban riga kamar farkon damina, an cika bota. In ka gatsa haƙori ya dawo maka da saƙo, an yi rowar bota, ko an murza ƙullun har ya yi jijiya, ko duka biyun. Nagari shi ne wanda zai karye inda aka umarce shi, sauran jikin ya tsaya yana jiran izini.

Sharaɗin haɗi shi ne ya kasance da danshi ba ruwa ba, ya riƙe kansa, a ji attaruhu ba tare da ya hana jin komai ba. Masu iyawa sukan barbaɗa 'yar fulawa a cikin haɗin tun yana kan wuta don romon ya ɗaure, sannan su bar shi ya huce kafin su zuba, saboda haɗi mai zafi yana narkar da botar ƙullu tun ba a kai ga tanda ba.

Ɗumi kuwa za mu zo kansa.

Wasu sun ƙara rukuni na huɗu, wato kogon da ake tararwa tsakanin haɗi da rufin ɓawo. Hujjarsu ita ce ba su taɓa ganin mitfai babu shi ba, abin da kuwa ba ya rabuwa da abu to daga zatinsa yake. Wannan kuskure ne, amma kuskure mai daraja, ya cancanci a tsaya masa. Haƙiƙar lamarin ita ce: idan zafi ya ratsa, ruwan da ke cikin haɗi yakan zama tururi, tururin ya ɗaga rufin, rufin ya sandare a inda aka ɗaga shi, shi kuma haɗin ya tsuke ya kwanta. Don haka ne gwanaye ke huda bayansa da cokali mai yatsu, tururi ya sami ƙofa. Ke nan akwai iskar da wuta ta haifar, akwai kuma iskar da niyya ta haifar, kuma wajibi ne mai adalci ya rarrabe.

Ma'aunin da na tsayu a kai bayan dogon bincike shi ne yatsa. Kogon da kan ɗan ali kawai zai shiga, an yi masa afuwa, aikin tururi ne. Wanda babban yatsa zai shiga ya juya, abin ƙi ne, a yi wa mai shi nasiha a keɓe. Wanda kuwa mutum zai kara ido ya hango ɗaya kusurwar, har ya ga alamar cokali mai yatsu daga ciki, wannan ya fita daga babin abinci ya shiga babin gine-gine. Tururin duniya duka ba zai yi wannan ɗaki ba. Magabata sun ce kyan alkawari cikawa, kuma ban san wani abu da wannan magana ta fi dacewa da shi a zahirin lafazinta ba kamar abin da muke magana a kai.

Fasali na huɗu: martabobi

Ta fuskar baɗininsa, mitfai ya kasu biyar.

Na ɗaya, kamili. Shi ne wanda gatsar farko, ta kusurwa, take isa ga haɗi, kuma nama ya rinjayi dankali ko su yi kunnen doki. Yawanci ba a samunsa a kasuwa. Ana samunsa a gidan biki, cikin ledar da ake ba 'yan ɗaurin aure na musamman, ko wurin wata Hajiya da ke gasa ashirin kacal a cikin tukunyar yashi, gawayi sama da ƙasa, kuma kafin labari ya iso ka sun ƙare. Na ci irinsa sau biyu. A na biyun ma rabi aka sam mini.

Na biyu, matsakaici: sai a gatsa ta biyu ake isa ga haɗi, dankali ya fi yawa, amma nama yana nan ana ganinsa da ido ba tare da tabarau ba. A kan wannan jama'a suke, kuma da shi ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Maƙarfi ke tsallake azahar.

Na uku, mai dankali zalla. Wannan ya saɓa wa gaɓar farko ta sunansa, amma yana ƙosarwa, kuma bai yi ƙarya da nauyi ba.

Na huɗu shi ne mafi wahalar hukunci, na kuma raɗa masa suna mai labarin nama. Ƙamshi yana nan, launi yana nan, harshe yana rantsuwa cewa sa ya ratsa ta wurin, amma haƙori bai gamu da komai ba. An dafa dankalin ne a ruwan nama, naman kuwa ya tafi wata hidimar, ko kuma dunƙulen ɗanɗano biyu ne suka tsaya a madadinsa. A nan masana suka rabu. Wasu suka ce suna yana tabbata da alama, kamar yadda ake kiran wuri Tashar Yari alhali in ka sauka ba yarin da zai tarbe ka. Wasu suka ce a'a, tasha ba ta karɓi kuɗinka da sunan za ta nuna maka yari ba. Ni ina tare da na biyun. Sai dai na yarda akwai wani reshe na wannan kashi da ke buƙatar sassauci, wato wanda ake samun ƙwayar nama guda ɗaya tak a cikinsa, ta maƙale a kusurwa kamar baƙon da bai san kowa ba a wurin suna. Wannan ƙwaya ba don a ƙoshi aka sa ta ba. An sa ta ne don ta ba da shaida in an kai ƙara.

Na biyar, kwantai. Wannan ba kashi ne mai zaman kansa ba, hali ne da ke iya samun kowane ɗaya daga cikin huɗun. Alamarsa ɓawo ya yi danƙo kamar fatar ganga, haɗin ya soma tsami, dankalin yana jan zare. A nan babu saɓani tsakanin malamai da likitoci: a ajiye shi.

Fasali na biyar: hanyoyin gane baɗini daga zahiri

Hanya ta farko nauyi. A ɗora shi a tafin hannu, a ɗaga sau biyu. Sai dai nauyi shaida ne mai rauni, domin ɓawo mai kauri ya fi haɗi nauyi, kuma masu sana'ar sun riga mu sanin haka. Hanya ta biyu girgizawa a kusa da kunne: in aka ji wani abu yana kai da komo, to akwai haɗi, akwai kuma filin da yake yawo a ciki, labari mai daɗi da marar daɗi a lokaci guda. Hanya ta uku siffa: mai tudu da yawa abin tuhuma ne, kamar yadda babbar riga ba ta nuna abin da ke aljihu. Sheƙin baya kuwa ba ya nuna komai sai cewa an fasa ƙwai.

Dukkan hanyoyin nan suna buƙatar a taɓa, ga shi kuwa a gidajen abinci da shagunan gidajen mai an killace shi a cikin akwatin gilashi, an kunna masa ƙwan lantarki. Wannan ya kawo mu ga rukunin ɗumi. Ɗumi iri uku ne: na tanda, wanda shi ne asali, na ƙwan lantarki, wanda aro ne, yana ɗumama baya ya bar ciki da sanyinsa, kuma yana ɗaukewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, da na rana, wanda ake samu a cikin farin bokitin roba da yara ke tallata shi a tasha. Na ƙarshen nan ya fi kowanne yaudara a watan Afrilu, lokacin da ko dutse ka ɗauka a bakin titin Zariya zuwa Kano za ka rantse yanzu aka sauke shi.

Saura tambaya. Mai saye kan ce, "Ɗan samari, na yau ne?" Amsar kuwa ɗaya ce daga Paki har Likoro: "Yanzu aka sauke, Alhaji." Na bi diddigin wannan kalma ta "yanzu", na gano ba ta cikin lokutan da masu nahawu suka sani. Tana iya ɗaukar sa'a guda, tana iya ɗaukar daren jiya, kuma ban taɓa jin wanda ya ce an sauke ɗazu ba. Yaron bai yi ƙarya ba ta kowace fuska, domin bai faɗi daga ina aka sauke ba. Yana yiwuwa daga kan babur ne.

Fasali na shida: shubuhohi da warware su

In aka ce: me zai hana a sa dankalin Hausa, tunda muna nomansa, a huta da jiran motar Jos? Sai mu ce: an jarraba. Zaƙinsa yana faɗa da attaruhu, kuma yana narkewa ya zama fate. Halal ne a ci, amma a sake masa suna.

In mutumin Ikara ya ce: a zuba tumatir don kishin gida. Sai mu ce: kishin gida abin yabo ne, amma ruwan tumatir yana jiƙa gindin ɓawo ya ɓule a cikin leda, mai saye ya koma shan abin da ya saya don ya ci.

In aka ce: mai jin yunwa ba ruwansa da wannan rabe-rabe, da babu gara ba daɗi. Sai mu ce: gaskiya ne, amma karin maganar ta yi sharaɗin a sami ba daɗin. Wanda ya tarar da kogo babu ya samu, an dai naɗe masa ita da kyau.

In kuma aka ce: nama ya yi tsada, fulawa ta yi tsada, mai sana'a ya yi yaya? Wannan ita ce shubuha mafi ƙarfi, ba na kuma raina ta. Amsata ita ce ƙofa biyu a buɗe suke gare shi: ya ƙara kuɗi, ko ya rage girma. Ƙaramin mitfai cikakke mutumin kirki ne da talauci ya sama. Ƙofa ta uku, wato a bar girma yadda yake a kwashe ciki, ita ce muke magana a kanta tun farkon littafi.

Mas'alar da ta rage

Idan aibi ya bayyana bayan ciniki, ƙa'ida ta ba mai saye zaɓin mayarwa, kuma kawo hujja yana kan mai da'awa. Na so in ga yadda wannan ke aiki, sai na sayi ɗaya a wani shago da ba zan ambata ba, na tsaya a gaban kanta na gatsa. Ɓawo. Na nuna wa yaron shagon, ya ce, "Malam, ai ba ka kai ba, naman yana gaba." Na ƙara gatsa, na sami dankali yanka uku da karas ɗaya. Ya ce, "Ya gangara ɗaya kusurwar, ka san hanyar nan da gargada." Wannan magana tana da wajhi, domin haɗi yakan gangara, don haka na ci gaba bisa adalci har na kai kusurwar ƙarshe. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "To ai ka haɗiye shi ba ka sani ba, ranka ya daɗe."

Na yi shiru ina juya maganar. Ba zan iya tabbatar da rashin nama ba sai na bincike mitfan duka, ba zan iya bincike shi duka ba sai na cinye shi, in kuwa na cinye shi to mai ƙara ya cinye hujjarsa, kuma ba a mayar da abin da babu shi. Ban ga mafita daga wannan da'ira ba sai ɗaya: a sayi na biyu daga tire guda, kada a taɓa shi, a kai shi gaban adilai biyu a tsaga da wuƙa. Yaron ya amince da wannan shawara nan take, har ya zaɓo mini mai tudu.

Na sa shi a aljihun gaba na hau mota zuwa Hunƙuyi, inda adilan nawa suke. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, safayar kuma ba iska, direba ya hau babur ya tafi neman mai faci. Muka zauna a gindin wata bishiyar mangwaro tun bayan azahar. Wajen ƙarfe biyar na cinye shaidar.